Ilhama Ko Gumi? Sharhi A Kan Zanen Ƙasa Na Ɓad-Da-Kama

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sha'awar fasaha, marubuta ne ko mawaƙa ko masu zane, cewa wai aikin fasaha ilhama ce zalla, in ta zo ta zo, in kuwa ba ta zo ba sai a naɗe hannu a jira ta. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda bai daɗe da fara riƙe alƙalami ba, domin tana ɗauke masa nauyin zama ya yi gumi. A wannan sharhi ina so mu auna ta a kan wani fanni wanda a ganin mutane da yawa ya fi kowanne dogara ga ilhama, wato zanen shimfiɗar ƙasa irin wanda ba ya kwaikwayon kamannin wurin da aka zana. Zan ɗauki masu zane biyu, dukkansu mutanen Amurka, Helen Frankenthaler da Richard Diebenkorn. Ita a yini guda ta yi zanen da ya fito da sunanta. Shi kuwa ya shafe shekara 20 da ɗoriya a kan tunani ɗaya, yana shafa fenti yana kankarewa. Saboda sauƙin faɗa zan riƙa kiran su Helen da Richard.

Wane irin zane ake nufi?

A zanen ƙasa irin wanda Turawa suka gada, mai zane yana ƙoƙari ne dutse ya fito dutse, itace ya fito itace, har mai kallo ya iya cewa ga wuri kaza. Irin wanda muke magana a kai kuwa, mai zane yakan zubar da kamannin, ya riƙe abin da ya rage bayan an zubar da su: hasken wurin, launinsa, faɗinsa, nauyin da ƙasa ke da shi a ƙarƙashin sama, da layin nan inda su biyun suke haɗuwa. Ni dai na ga ya dace a kira shi zanen ɓad-da-kama, domin wurin yana nan a ciki, kamanninsa kawai aka ɓatar.

Ba dare ɗaya aka kai ga wannan ba. Paul Cézanne, Bafaranshe, ya zauna a garin Aix da ke kudancin Faransa, inda wani dutse mai suna Sainte-Victoire ya tsaya a gabas da gari. Ya zana wannan dutse fiye da sau 60. A zanen farko-farko mutum zai iya ƙirga itatuwa da gidaje, har da doguwar gadar jirgin ƙasa da ta ratsa kwarin. Amma waɗanda ya yi daga 1902 zuwa rasuwarsa a 1906, kwarin ya koma ɗigo-ɗigon kore da shuɗi da ruwan ƙasa, sai dutsen kaɗai ya rage yana leƙowa. Bayansa sai Piet Mondrian, mutumin Holan. Tsakanin 1908 da 1912 ya yi ta zanen itace. Na farko jan itace ne da rassansa sosai. Na 1911 ya koma ruwan toka, rassan sun fara zama layuka masu lanƙwasa. Na 1912 kuwa, in ba an gaya maka itacen tuffa ne ya yi fure ba, ba za ka ce ba. A 1915 ya zana teku da turakun da ake kafawa a gaɓarta a garin Domburg, abin da ya bari a kan ƙyalle shi ne gajerun layuka a tsaye da a kwance, wasu sun gitta juna kamar alamar tarawa a lissafi.

Abin lura a nan shi ne, dukkansu biyu sai da suka san abin ciki da waje kafin su fara rage shi. Mutum ba ya rage abin da bai mallaka ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Zanen yini guda

A daminar Turai ta 1952, wato lokacin zafinsu, Helen ta yi tafiya zuwa Nova Scotia da ke gabashin Kanada, ƙasar duwatsu da ke gangarowa har cikin teku. Tana da shekara 23. Bayan ta koma Niyok, ran 26 ga Oktoba, ta shimfiɗa ƙyallen zane a ƙasa, tsawonsa kusan ƙafa 10, faɗinsa ƙafa 7 da ɗan wani abu. Ta ɗan ja wasu layuka da gawayi. Daga nan ta tsinka fentin mai da irin man da masu fentin gida ke kira tina, har ya zama kamar ruwa, ta riƙa tsiyaya shi daga gwangwani a kan ƙyallen. Kafin dare ta gama, ta rubuta kwanan watan a jikinsa. Sunan da ta ba shi da Turanci shi ne Mountains and Sea, wato Duwatsu da Teku. Ta ce daga baya, da ta zo yin zanen, ƙasar da ta gani tana cikin hannayenta.

Ya kamata a tsaya a fahimci abin da ya sa wannan ya zama sabo. Bisa al'ada, kafin a sa fenti a kan ƙyalle sai an fara shafe shi da wani farin shafe da ke toshe ƙofofin zaren, ta yadda fenti zai zauna a bisa kamar yaɓe a jikin bango. Helen ba ta yi wannan shafe ba. Saboda haka tsinkakken fentin ya nutse cikin zaren, kamar yadda baba ke shiga tufa a marina. Launi da ƙyalle suka zama abu ɗaya. Wannan ya haifar da abubuwa biyu. Hasken zanen ya riƙa fitowa daga ƙyallen kansa, domin duk inda ba ta zuba komai ba, nan ne farin zanen. Sa'an nan kuma gyara ya zama ba ya yiwuwa. Abin da ya shiga zare ya shiga ke nan, ba a kankare rini.

Idan mutum ya dubi zanen, zai ga a tsakiya wani tarin launuka sun taso sama kamar tudu, ruwan hoda da kore-kore da shuɗi-shuɗi, layukan gawayi suna kewaya su, wani wuri su bi gefen launin, wani wuri su yi nasu waje. Gefe-gefe kuwa ƙyalle ne tsirara da 'yan fantsalin fenti. Daga hannun dama akwai wani shuɗi da ya miƙe a kwance har bakin ƙyallen. A ganina wannan shuɗin shi ne ginshiƙin zanen duka. Sa yatsa ka rufe shi, tarin da ke tsakiya zai koma kamar damin furanni da aka watsar, ba sama ba ƙasa. Ɗauke yatsan, sai tarin ya zama dutse, domin an ba shi teku da zai tsaya a gefensa. Layi ɗaya ne a kwance ya gaya wa ido inda yake. Zan ƙara da cewa, ni ban ɗauki zanen a matsayin mafi kyawun aikinta ba. Tsakiyarsa ta cika hayaniya, kuma gawayin da launin ba su gama sasantawa ba. Sunan da ya yi, ya yi shi ne saboda ƙofar da ya buɗe. Da aka nuna shi a Niyok a farkon 1953 ma, ba wanda ya saya.

To, ga labarin da masu jiran ilhama ke so: budurwa ta dawo daga tafiya, abu ya faɗo mata, ta yi shi a yini guda, tarihi ya sauya. Amma bari mu ɗaga tabarmar mu ga abin da ke ƙasa.

Helen ta fara koyon zane tun tana makarantar sakandare, a hannun Rufino Tamayo, shahararren mai zane na ƙasar Meziko. Ta wuce kwalejin Bennington inda Paul Feeley ya horar da ita a kan yadda ake gina zane, ta gama a 1949. A 1950 ta ƙara karatu na ɗan lokaci wurin Hans Hofmann. Ta ga ayyukan Jackson Pollock, ta kuma ziyarci ɗakin aikinsa, ta ga yadda yake shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana kewaya shi yana yarfa fenti. Daga wurinsa ta ɗauko aiki a ƙasa. A can Nova Scotia kuwa ba yawon buɗe ido kaɗai ta yi ba, zama ta riƙa yi a gaban duwatsun tana zana su da fentin ruwa, kamanninsu sosai. Shi kuwa fentin ruwa, duk wanda ya taɓa shi ya sani, halinsa ke nan: yana nutsewa cikin takarda, farin takardar shi ne haskensa, kuma ba ya karɓar gyara. Ashe abin da ta yi ran 26 ga Oktoba shi ne ta ɗauki halin fentin ruwa, wanda hannunta ya saba da shi a makonnin baya, ta ɗora shi a kan faɗin ƙyallen Pollock. Da ta ce ƙasar tana cikin hannayenta, gaskiya ta faɗa, amma ai sa ta aka yi a ciki. (Kada kuma a manta 'yar babban alƙali ce a Niyok, tana da halin ɓata ƙyalle goma ba tare da tunanin abincin gobe ba. Wannan ma yana cikin tarihin ilhama, ko da yake ba a cika faɗarsa ba.)

Ita da kanta ba ta ɓoye wannan ba. Ta sha bayyana cewa zane mai kyau yakan yi kama da abin da ya auku a tashi ɗaya, amma sau da yawa sai an yi wahalar wasu goma da suka sha aiki har suka gaji, kafin hannu ya sami wannan motsi guda. Masu ba da labarinta sukan riƙe rabin farko na maganar su yar da na biyu.

Abin da aka ɗauka, da abin da aka bari

A watan Afrilu na 1953 mai sharhin zane Clement Greenberg ya kai wasu masu zane biyu daga birnin Washintan, Morris Louis da Kenneth Noland, ɗakin aikin Helen suka ga zanen. Abin ya girgiza su. Louis ya kira ta gada tsakanin Pollock da abin da zai yiwu nan gaba. Suka koma gida suka duƙufa a kan dabarar. Louis ya fara tsiyaya fenti yana gangarowa kamar labule a kan labule. Noland ya koma zanen da'ira cikin da'ira. Sun yi aikin da ya tsaya da ƙafarsa, kuma shi ma Louis bai same shi a sauƙaƙe ba, domin ya lalata da yawa daga cikin zanen da ya yi tsakanin 1955 da 1957 saboda ba su gamsar da shi ba. Sai dai abin da suka ɗauko daga ɗakin Helen dabarar rini ce. Duwatsun da tekun can suka bar su. Ba laifi ba ne, ba zanen ƙasa suka ce suna yi ba.

Laifin yana wuyan waɗanda suka biyo baya, masu ɗimbin yawa, da suka ga cewa tsiyaya fenti ba shi da wuya. A zuba shuɗi a sama, a zuba ruwan ƙasa a ƙasa, a bar su su malala, a sa masa suna faɗuwar rana. Irin wannan zane ya cika bangon otel-otel da ofisoshi a duniya. Yadda ake gane shi kuwa, ba ya tuna maka ko'ina. Shuɗinsa shuɗin cikin gwangwani ne, bai taɓa ganin wata sama ba. Mai shi ya ɓad da kama alhali tun farko babu wata kama a hannunsa da zai ɓatar. Wannan cuta ba masu zane kaɗai take kamawa ba, duk wanda ya taɓa karanta waƙar da ta yi duhu don marubucinta bai san abin da yake son faɗa ba, ya san ta.

A nan gida akwai wanda ya yi wannan dabara ta tsiyaya da idonsa a buɗe, wato marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har ya rasu a haɗarin mota a 1995. Yakan tsinka fentin mai ya zuba a kan ƙyalle ya bar shi ya bi hanyarsa, sa'an nan ya sa hannu ya juya abin da ya fito zuwa inda yake so, kuma shimfiɗar ƙasar Arewa tana cikin abubuwan da ya zana. Tunaninsa a kan aikin ya ginu ne a kan haɗuwar abu biyu, abin da ya auku bisa tsautsayi da abin da aka tsara da gangan, kuma wannan ne sunan da aka ba nunin ayyukansa da aka yi a Landan a 2000. Tsautsayi yana ba ka abin da ba ka nema ba. Sanin wanda za a riƙe da wanda za a zubar kuwa, sai wanda ya daɗe yana kallon hazon hunturu yana cinye itatuwa da gidaje a Samaru.

Mai kankara

Richard ya bi ta wata hanya dabam. An haife shi a 1922, ya tashi a San Faransisko da ke jihar Kalifoniya. Abin da za a fara lura da shi a tarihinsa shi ne yawancin jerin zanensa sunan garin da yake zaune yake ba su: Albuquerque, Urbana, Berkeley, sai lamba. A 1951 ya hau jirgin sama daga Albuquerque zuwa San Faransisko, ya leƙa ta taga ya ga hamada da gonaki da hanyoyi sun shimfiɗu kamar ƙyalle. Daga sama babu gaba babu baya, babu layin da sama ke haɗuwa da ƙasa, sai fili da iyakoki. Wannan kallo ya zauna masa har ƙarshen rayuwarsa. A 1970 ma ya sake samun irinsa, lokacin da hukumar gwamnatin Amurka mai kula da madatsun ruwa ta gayyace shi ya dubi ayyukan ban-ruwa na jihar Arizona daga sama.

Sai dai a 1955, yana tsakiyar yin suna a zanen ɓad-da-kama, kuma a lokacin da irin wannan zane ne ke tashe a Amurka, sai ya juya baya ya koma zanen kama sosai: mace zaune a bakin taga, kofi a kan tebur, almakashi, titin da ya hau tudu. Wasu abokan sana'arsa suka ɗauki abin kamar ya ci amanarsu. Ya yi shekara fiye da 10 a haka. Ni kuwa ina ganin waɗannan shekaru su ne jarinsa. Ya ji hannunsa ya fara yin abu cikin sauƙi fiye da kima, sai ya koma inda abin da ke gabansa zai iya ƙaryata shi. Kofi in ka zana shi ba daidai ba, kowa zai gani.

A cikin shekarun nan kuma ya yi ta nazarin Henri Matisse. A 1964 ya je Tarayyar Sobiyet ya ga manyan ayyukan Matisse da ke Leningirad da Mosko. A 1966 aka yi nunin ayyukan Matisse a Los Anjeles, inda aka nuna wasu zane biyu na 1914, ɗaya ƙofar taga ce a garin Collioure, ɗaya kuma cocin Notre-Dame na Faris kamar yadda ake hango shi daga taga. Wannan na biyun shuɗi ne kusan duka, da 'yan baƙaƙen layuka a miƙe da a karkace, kuma Matisse ya bar sawun gyare-gyarensa a fili. Duk wanda ya ajiye shi kusa da abin da Richard ya fara yi shekara guda bayan haka, ba ya bukatar a yi masa bayani.

A 1966 ɗin ya ƙaura zuwa Santa Monika, a bakin teku kusa da Los Anjeles, daga baya ya sami ɗakin aiki mai manyan tagogi a wata unguwa da ake kira Ocean Park. A 1967 ya fara jerin zanen da ya ba sunan unguwar. Ya yi manya kusan 145, ban da ɗaruruwa a kan takarda, har da wasu 'yan ƙanana da ya yi a kan murfin akwatin taba.

Fasalinsu kusan ɗaya ne. Ƙyalle a tsaye, ya fi mutum tsawo. Wani babban fili na launi ɗaya ya mamaye tsakiya da ƙasa, sau da yawa shuɗi ko kore ko ruwan ɗorawa. Can sama ko a gefe sai a tara siraran ɓangarori masu launi dabam-dabam, layuka a miƙe suna raba su, nan da can wani karkataccen layi ya ratsa. Wanda ya dubi hotonsu a littafi ko a wayar hannu zai ce ai wannan aikin rula ne, kowane ɗan aji uku zai iya. Girman hoto ne ya cuce shi. A jikin ƙyallen kansa, babban filin nan na shuɗi ba shuɗi ɗaya ba ne. A ƙarƙashinsa ana hango ruwan hoda da aka binne, da layin gawayi da aka ja aka fasa, aka matsar da shi ɗan taƙi gefe aka sake ja. Richard yakan sa launi, ya zauna ya daɗe yana kallo, ya tashi ya kankare, ya shafa wani siriri a kai yadda na ƙasan zai riƙa numfashi. Zane ɗaya yakan ɗauke shi makonni. Bai ɓoye ko ɗaya daga cikin shawarwarin da ya sauya ba.

Wannan binnewa da tonowa shi ne ya ba zanen haskensu. Hasken bakin teku a wannan yanki haske ne mai laushi da ya ratso ta cikin tururin ruwa, kuma ba a samun irinsa da shafe ɗaya mai kauri, sai launi ya leƙo ta cikin launi. Wato dabarar aikin ita ce ta haifi kamannin wurin, ba tare da an zana ko rufin gida ɗaya ba. Shi kansa bai yarda a ce hoton unguwar yake yi ba. Abin da ya yarda da shi shi ne hasken wuri yana shiga aikinsa, kuma ya ce ba ya ganin hasken sai can wajen ƙarshen aiki, a hankali yake gano shi ta hanyar zanen. Mai karatu ya lura da yadda wannan ya kifar da labarin da aka saba ji. An ce ilhama ce ke zuwa da farko, aiki ya biyo. Ga mutumin da ya ce shi a wurinsa sai ya yi aikin tukuna take iso shi.

Bayan rasuwarsa an sami wata takarda a cikin kayansa mai ɗauke da gajerun tunatarwa guda 10 da ya rubuta wa kansa game da fara zane. A cikinsu yana gargaɗin kansa da ya gwada abin da ba shi da tabbas a kai, kada ya amince da kyan da ya zo da wuri, kuma ya tuna kuskure ba ya gogewa amma yana gusar da mutum daga inda yake tsaye. Ta biyun nan ita ce ta fi wuya. Wa zai sa wuƙa ya kankare abin da ya yi kyau tun shafen farko?

Inda aikin ya gaza

Duk da haka ba zan rufe ido a kan abin da ake zargin waɗannan zane da shi ba, domin zargin yana da tushe. Na farko, maimaici. Idan mutum ya jera 30 daga cikinsu, zai ga wasu, musamman na shekarun baya-baya, sun fara kama da abin da hannu ya haddace. Mu da muka saba da aska takwas a gaban babbar riga mun san yadda abu ke tashi daga kamannin wuƙa ya zama tsari tsayayye wanda kowane maɗinki zai iya fitarwa. A ɗinki wannan shi ne ƙwarewa, don ana son ta yau ta yi daidai da ta jiya. A zanen ƙasa kuwa alamar cewa an daina kallo ce. Richard bai faɗa wannan rami gaba ɗaya ba, amma akwai inda ya tsaya a bakinsa, kuma masu saye sun fi son waɗannan ɗin, saboda ba sa tayar wa kowa da hankali a falo.

Na biyu ya fi nauyi. Unguwar Ocean Park a wancan lokaci unguwa ce da ta tsufa, ta masu ƙaramin ƙarfi. A 1967, shekarar da ya fara jerin, aka rufe babban wurin wasannin da ke kan gaɓar tekunta, ya zama kango, gobara ta yi ta cin sa har aka rushe shi. Shekarun kuma su ne na yaƙin Biyetnam, da matasan Amurka ke zanga-zanga a tituna. Babu ɗigon wannan a cikin zanen. Idan aka ce za a rage wuri har sai haskensa kaɗai ya rage, to a cikin abin da aka zubar akwai mutanen wurin da wahalarsu. Wannan shi ne kuɗin da zanen ɓad-da-kama ke biya, kuma bai kamata masu yabonsa su yi kamar kyauta aka ba su ba. Duwatsu da Teku ma haka yake, babu masunci ko ɗaya a Nova Scotia ta Helen. Abin da zan iya cewa don kare Richard shi ne, shi ba don kasawa ya bar mutane ba, ya zana su shekara 10 kuma ya iya. Zaɓi ya yi. Amma zaɓin da aka yi da sani ma ana iya tuhumarsa.

Tsakanin su biyun, ni na fi karkata ga Richard, ko da yake Helen ce ta fi sauya tarihin zane. Dalilina shi ne zanenta yana nuna maka sakamako ya ɓoye wahala, goman nan da suka gaji ba ka ganin su, sai ɗayan da ya tsira. Nasa kuwa goman duk suna cikin ƙyalle ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, kana iya bin sawunsu da ido. Mai koyo ya fi samun abin ɗauka a wurin wanda bai share sawunsa ba.

Saura tambaya ɗaya, wadda masu shakka ke yi: tun da shi kansa ya ce ba hoton unguwar yake yi ba, me ya tabbatar da cewa wurin yana cikin zanen, ba suna kawai aka liƙa masa ba? A 1988 Richard ya bar Santa Monika ya koma Healdsburg, wani ƙaramin gari a arewacin Kalifoniya, cikin tuddai da gonakin inabi, nesa da waccan gaɓar teku. Ya tafi da fentinsa da rularsa da hannun da ya yi shekara 20 yana wannan aiki. Rashin lafiya ta matsa masa, ya koma yawanci ƙananan ayyuka a kan takarda, har ya rasu a 1993. A cikin waɗannan shekaru biyar bai ƙara ko lamba ɗaya a jerin Ocean Park ba.